Alfadarin Kawu Zeleke

Kawuna Zeleke manomi ne mai taurin kai. Da suka yi rigima da maƙwabcinsa Admasu kan wani alfadari da kowannensu ke cewa nasa ne, sai aka ɗaure su da sarƙa ɗaya, yadda ake yi wa masu ƙara a wurinmu. Suka kama hanyar Magdala, garin sarkin Habasha, don ya yanke musu hukunci. Tare suke ci, tare suke kwana.

Suna isa suka tarar Turawa sun ci garin, sarki ya mutu.

Admasu ya ce, "To ɓarawo, wa zai yi mana shari'a?"

Kawu ya fashe da dariya. "Ɗan'uwa, minsharinka ya ishe ni. Riƙe alfadarin, ka riƙa ba ni aro ranar kasuwa."

Suka tafi neman maƙerin da zai yanke musu sarƙar. Daga baya ma 'ya'yansu suka auri juna.