Wasiƙun Gado da na riƙa karantawa

Fiye da shekara hamsin ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, in ban da mutum biyu. Yau dai na ce bari in amayar.

Tare muka gama lakwal, wato makarantar boko, da Gado a Tahoua, bayan samun 'yanci kaɗan. Na fi shi lissafi, kowa ya sani. Amma shi aka tura Faransa karatu, ni aka mai da ni Takanamat, garinmu, in koyar da yara, ana ce mini Mushe, wato malamin lakwal.

Ni kaɗai na iya karatun boko a unguwa. Duk wasiƙar da ya aiko, uwarsa Inna Tsahara sai ta kawo mini. Da bakina nake karanta wa mutane yadda ya hau jirgi, ya sayi kwat, ana yi masa guɗa. Wallahi kamar ana watsa mini barkono.

Daga nan ciwo ya kama ni, ya fara da ciwon kai. Sai abinci ya daina shiga. Wata rana ina gaban allo alli ya faɗi, zuciyata na bugu, na kasa tuna abin da nake koyarwa.

Mahaifiyata ta sayar da akuya ta kai ni wurin malamin tsibbu. Ya ce, "Wani na yi ma ɗanki hassada." Na sunkuyar da kai, don na san mai hassadar.

A asibitin Tahoua an ɗibi jini, an auna ƙirji, ba a ga komai ba. Na tsorata, na ɗauka hauka ce. Wani tsohon likita ya zaunar da ni ya ce, "Mushe, jikinka lahiya lau. Mi kaka ɓoyewa?"

Na yi kuka kamar yaro. Duk ranar kasuwa nake komawa mu yi magana, wata huɗu. Shi ya sa ni na rubuta wa Gado gaskiya, cewa hassadarsa nake yi.

Amsarsa ta zo, wannan karon da sunana. Ya ce sanyi da kaɗaici sun kusa kashe shi, sau biyu ana kwantar da shi asibiti. Bai taɓa rubuta wannan ba don kada hankalin Inna ya tashi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan, Allah ya jiƙansa.

Ku matasa masu ramewa kan hotunan abokanku a waya, in abinci ya daina shiga ku je asibiti, ku buɗe baki. Ni wasiƙar da aka rubuta don kwantar da hankalin tsohuwa na yi shekara biyu ina jinya a kanta.