Ranar da Malam Ya Wuce Mu da Gudu

A garinmu babba ba ya gudu. In ka ga mai gemu ya tattare riga ya zura, to ko gobara ce, ko mahaukacin kare, ko kuwa shi ne ya taɓu. Da wannan tarbiyya muka zo Madina karatu a farkon shekarun tamanin, muna zaman zamanmu, sai Allah Ya haɗa mu da wani bawan Allah da muke kira Rayis.

Rayis Bahaushe ne haifaffen Madina, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Ya yi aiki a Yanbu tare da Turawa, can ya ga suna fita bayan gari duk mako, su yi ta gudu ba mai korarsu, su dawo su zauna su sha abin da suke sha. Sai ya ga bai kamata a bar Hausawa a baya ba a wannan gagarumin ci gaba. Hausarsa rabi Larabci ce. "Yalla ya shabab, riyada tana da kyau ga jiki," haka yake ce mana, wato motsa jiki, yana shafa tumbinsa da ya fi na kowa.

Duk Alhamis bayan la'asar sai mu cika a-kori-kurarsa mu nufi bayan Ƙuba, inda gonakin dabino suka haɗu da baƙaƙen duwatsu. Kafin ma a fara sai da aka kwashe makonni ana muhawara kan gajeren wando, domin ɗaliban shari'a ne, ba a motsa ƙafa sai an kawo hujja. Aka tsaya a kan dogon wando mai zariya. Mu yi gudu har rana ta yi ja, mu yi magariba, sannan mu zarce gahawa, wato wurin shan shayi na bakin hanya, mu haye dogayen kujerun igiya. Nan fa ake ainihin aikin. Ful, dafaffen wakensu, da man shanu, gurasar tamis mai zafi, shayi da na'ana butoci-butoci. Wanda ya fi kowa lalaci a fili shi ya fi kowa himma a kan faranti, kuma duk abin da jiki ya zubar sai mun mayar masa har da gyara.

Mutum ɗaya ne a cikinmu gudun ya zame masa dole, shi ne Malam. Shi ya karantar da ni tun a gida, ya riga ni zuwa Madina don ƙarin karatu, kuma yana koyar da yaran Hausawan unguwar Harra ta Gabas Alƙur'ani a gidajensu. Ciwon sukari ya kama shi har ya daina jin yatsun ƙafarsa. Likitan da na raka shi wurinsa a Sultana bai ɓoye masa ba, ya ce ko ya riƙa motsa jiki, ko ƙafar nan ta tafi. Na yi ta lallashi, na yi ta magiya. Da ƙyar ya yarda ya bi mu, amma da sharaɗi.

"Ɗan nan, kada wanda ya san ni ya gan ni."

"Allah gafarta Malam, wa zai gan ka? Daga dabino sai akuya."

Gudun Malam abin kallo ne. Kullum shi ne a baya, can nesa. In ya waiga hagu da dama ya ga ba kowa, sai ya ɗan yi sassarfa kamar wanda ke sauri kada raka'a ta wuce shi. Da zarar ya hangi manomi, sai ya tsaya cak, ya goya hannu a baya, ya ɗaga kai yana duban itacen dabino kai ka ce saye zai yi. A gahawa kuwa shayi ba sukari yake sha, yana harararmu muna tande yatsu. Mun yi masa dariya a ɓoye iya son ranmu. Amma wallahi abin ya yi masa amfani. Likita ya ce sukarin ya fara sauka, shi kuma ya ce mini ya fara jin sanyin ruwa a yatsunsa in yana alwala. Ranar na ji daɗi har cikin raina.

Sai wata Alhamis bayan hajji aka yi ruwa, kwarin da muke ratsawa ya cika. Rayis, sarkin dabara, ya ce ya san wata hanya ta gefen Harra ta Gabas, babu kowa a can sai dutse. Mun yi gudu a kan dutsen kuwa, sai ga mu kwatsam a bakin wani lungu mai cike da jama'a. Makonnin nan lokacin kame ne, ana neman alhazan da suka maƙale ba su koma gida ba, kuma unguwar nan cike take da su. Kowa a cikinmu ya san haka. Masu haddar littattafai ne fa, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me mutanen nan za su ɗauka in suka ga ƙartin Hausawa sun shigo musu a guje, suna haki.

Wata tsohuwa mai suyar ƙosai ce ta fara ganinmu. Ta wurgar da matsami ta ƙwalla ihu, "Kame!"

Tirƙashi! Tela ya bar keke yana juyi. Mai aski ya tsere ya bar mutum da rabin kai, shi ma mai rabin kan ya bi bayansa. Ƙofofi na ta bugawa, maza na haura katanga, mata na fizgar yara. Rayis yana ɗaga hannu yana ihu, "La, la, riyada ce!" amma yana faɗa yana gudu, don haka ba wanda ya ga dalilin tsayawa.

Malam ya iso bakin lungun da tafiyarsa ta ƙasaita, ya tarar da unguwa guda tana gudu. Wani daga kan rufi ya ce masa, "Malam, yi ta kanka, suna bayanka!" Takardar zamansa kuwa tana cikin rigar da ya bari a mota. Ban san abin da ya faɗo masa a rai ba. Ni dai na ji iska ta wuce ni, na duba, sai na ga Malam. Ya wuce ni, ya wuce Rayis, ya wuce samarin da ya isa ya haifa. Hula ta faɗi bai waiga ba.

A wani fili a ƙarshen lungun kowa ya tsaya, aka duba baya, ba askari, ba mai kame ko ɗaya. Rayis ya shiga bayani. Tsohuwar nan ta ƙaraso tana ɗingishi, mai ya ƙona mata hannu.

"Wato ƙoshi ne ya yi muku yawa," ta ce. "Mu muna gudu don kada a raba mu da 'ya'yanmu, ku kuna yi don nishaɗi."

Ba wanda ya ɗaga kai. Sai idonta ya kai kan Malam, yana zaune a kan dutse, ba hula, gumi na zuba, numfashi na neman gagararsa. Jikokinta yake koyarwa.

"Malam! Har da kai?"

Yaran da ke gefe suka ƙyalƙyale da dariya, kuma yawancinsu ɗalibansa ne.

Alhamis ta zagayo Malam bai fito ba. Na je gida na same shi a kan buzu.

"Allah gafarta Malam, mota na jira."

"Sun gan ni, ɗan nan."

"To sai me? Kwana biyu za su manta. Ƙafarka fa?"

"Sun gan ni," ya sake cewa, ya buɗe littafi.

Na koma ban san sau nawa ba. Na ce mu tafi mu biyu kawai, can wajen gari inda ko akuyar babu. Ya ƙi. Na yi fushi da shi, fushin da ban taɓa zaton zan yi da malamina ba, har na ɗauke ƙafa daga gidansa na wani lokaci. Mu kuwa masu lafiyar ƙafa muka ci gaba da gudunmu da cin ful ɗinmu.

Kafin in gama karatu aka yanke wa Malam ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na je asibiti na tsaya a gefen gadon. Shi ne ya dube ni ya yi ɗan murmushi.

"Zauna mana, ɗan nan," ya ce. "Ai yanzu hankalina ya kwanta. Ba wanda zai sake ganina ina gudu."