Ƙwayar Ganyen Da Ta Kumbura Mini Fuska

A shekarata ta biyu ta karatun digiri na uku a Kuala Lumpur gwiwoyina suka fara ciwo. A Cheras nake zaune lokacin, ko matakalar tashar jirgin ƙasa sai na dafa ƙarfe nake hawa. Maƙwabciyata 'yar Zariya ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, a ɗakinta na ci tuwona na farko a ƙasar. Da na kai mata kukana, sai ta shiga ciki ta fito da 'yar kwalba.

"Zallar ganye ce, ƙanwata," in ji ta. "Ni nake sarowa can kasuwar Masjid India. Sha ki gani."

Na kuwa gani. Cikin 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke, cin abincina ya buɗe. Na ci gaba da saya a wurinta wata da watanni. Fuskata ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, ƙafafuna kuma suka sirance. Abu kaɗan zai buge ni fatar ta yi baƙi. In mun yi waya da mahaifiyata tana kallona, murna take yi wai ƙasar ta karɓe ni.

Da Yaya ta tafi gida hutu sai ƙwayar ta ƙare. Jiri da amai suka kama ni, na kasa ko tsayuwar salla. Wata abokiyar karatuna ce ta kai ni asibiti. Bayan gwajin jini, likitar ta nemi ganin kwalbar, aka aika da ɓurɓushin da ya rage aka auna.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akwai sinadarin da jiki ke yi da kansa, kotizol, shi ke riƙe ƙarfin jini da sukari, shi ke tallafar mutum in ya shiga wahala ko ciwo. Makamancinsa mai ƙarfi aka cusa a cikin ƙwayar. Da jikina ya ga yana samu daga waje sai ya daina yin nasa, da na yanke sha kwatsam kuma aka bar ni ba ko ɗaya. Ta ce da na ƙara jinkiri, da abin ya fi haka muni.

Da Yaya ta dawo na same ta tana yanka albasa. Na gaya mata komai, don ina tsoron kada ita ma ya kayar da ita.

"Ai ni tun bara na daina sha," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Haka ya kumbura ni."

"Yaya, kin sani, kika ba ni?"

"To ba ke kika zo kina kukan gwiwa ba?"

Na juya na koma ɗakina.

Na sanar da matanmu a zauren waya da muke haɗuwa. Biyu suka je asibiti. Sauran suka ce na tona asirin 'yar'uwa a baƙuwar ƙasa, wasu har suka daina amsa gaisuwata.

Likita ta yi ta rage mini magani kaɗan-kaɗan har jikina ya koma yin nasa. Kafin lokacin na tattara kayana na koma Sri Petaling, inda ban san kowa ba.