Kuɓewar Awadiyya da bargunan Eman

Duk unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira babu wanda bai san Awadiyya mai miyar kuɓewa ba, wallahi ko ɗaliban cikin Madinat Nasr a mota suke shigowa don tuwonta. A Mai Wurno aka haife ta can Sudan, yaƙi ne ya koro ta Alƙahira ita da 'yarta Fatna, ta iso da tukunya ɗaya da muciya, yanzu kuwa in ta ɗora girki har bene na sama sai an haɗiyi yawu. Ita ba ta sayen busasshiyar kuɓewa a shago, wai ƙamshin kwali take yi. Ɗanya take saya ta yanka da hannunta ta shanya a saman bene.

To sai Fatna ta haihu, jikar fari, suna ranar Juma'a, Awadiyya ta riga ta gaya wa duniya za a sha miyar da ba a taɓa sha ba, ta sayo kuɓewa buhu guda ta yanka. Matsalar ita ce lokacin rabi'i ne, sanyi ya tafi zafi bai gama zuwa ba, da safe rana garau, da azahar iskar khamasin ta taso da yashi ko ƙofar gidanka ba ka gani. Awadiyya ba ta iya karanta sararin Masar ba, a garinsu in rana ta fito ta fito kenan. Don haka dabararta ɗaya ce, maƙwabciyarta Eman 'yar Masar take kallo. In Eman ta wanke bargunan sanyi ta shanya, to khalas, garin lafiya, ai 'yar ƙasa ta san ƙasarta.

Washegarin yankan, tun tana ɗaki ta ji ana jan bokitai, ta leƙa ta ga Eman na jiƙa barguna, sai ta kwashi tabarmi ta haye sama ta baza kuɓewa. Can Eman ta hau da wanki ta cika igiya. Suka sha shayi suna yaba rana.

Ana kiran azahar sama ta koma ruwan ƙwai. Fatna ta ƙwalo kira daga taga, "Inna! Waya ta ce iska yau, tun jiya suke faɗa!"

Awadiyya ta ruga sama babu takalmi, ta tarar tabarma ɗaya ta riga ta tashi, kuɓewa na zuba kan masu tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, a titi, wani direba yana ɗaga kai yana tambaya wa ke rabo. Eman ta iso tana haki, ta fizgo bargunanta da suka bushe fes ta kifa a kan sauran tabarmin, su biyu suka zauna a kai kamar kaji kan ƙwai, yashi na shiga haƙora.

"Ummu Alaa," in ji Awadiyya, don da sunan ɗanta ake kiran Eman, "ke da garinku, kin ga za a yi iska kika yi wanki?"

"Ni? Ya Hajja, ke na ga jiya kina yanka kuɓewa, na ce 'yar Sudan ta san rana, bari in jiƙa!"

"Kai! Ni ke nake bi tun zuwana!"

"Ni ma ke nake bi!"

Suka fashe da dariya har Eman ta shaƙi yashi tana tari tana cewa ma'alish, ma'alish, wato ba komai. Da iska ta ɗan lafa suka naɗe tabarmi cikin barguna, yalla yalla, suka sauko da su falon Eman aka kunna fanka, mijinta ya dawo aiki bai sami wurin taka ƙafa ba. Fatna ta karanto musu sauran labarin a waya, wai gobe ma akwai ƙura, jibi gari zai washe amma sanyi zai ɗan dawo da yamma. Eman ta dubi bargunanta da suka koma kalar ƙasa ta ce tamam, dama ba su gama aiki ba.

A falon kuɓewar ta ƙarasa bushewa. Ranar Juma'a gari ya yi fes, aka raɗa wa jaririya Hauwa, miya ta yi yauƙi ta ishi kowa har da masu neman ƙari, Eman ta zauna kusa da tukunya ta ƙi tashi, wai rabin miyar a ɗakinta ta girma.