Neman Tsamiyar da Ruwan Kainji Ya Rufe

Daga Sakkwato

Mun bar gida kafin kiran assalatu, ni da Baba, a ƙarshen wata bazara, lokacin Yauri tana cikin jihar Sakkwato. Ni ba mai son tafiya ba ne. Tela ne ni, ƙafata ta saba da keken ɗinki, duk abin da zai raba ni da shago kuwa haushi yake ba ni. Amma Baba ya yi watanni yana nanata magana ɗaya safe da yamma: a kai shi kan kabarin Inna ya yi mata addu'a kafin idonsa ya ƙarasa rufewa. Yanar ido ta riga ta cinye na hagu, na dama kuwa haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Matsalar ita ce kabarin yana ƙarƙashin ruwa. Garinmu, Tungar Kanya, yana cikin ƙauyukan da tafkin Kainji ya shanye bayan an datse kogin Kwara. Inna ta rasu dab da a tashe mu, ina ɗan ƙarami. Baba Basarke ne, sana'ar su ya gada kaka da kakanni. Inna tana kwance ba lafiya aka zo da labarin kifi ya taru can gangaren kogi, ya ce mata kwana biyu zai yi. Da ya dawo ya tarar har an yi sadakar bakwai. Wannan labarin a bakin dangi na ji shi, shi bai taɓa ba ni ba.

A tasha muka sami tasi mai zuwa Yelwa. Na zaunar da Baba a gaba, ni na matsu a baya tsakanin wani mai buhun albasa da wata mata mai kaji. Kafin Jega 'yan sanda suka tare mu, wani ya leƙo ya tambayi Baba ina zuwa. Baba ya ce gida. Direba ya yi dariya ya ce kowa ma gida za shi. Ni ban yi dariya ba, don na san gidan da yake nufi.

Koko zuwa Yelwa

A Koko muka tsaya aka sha fura, direba ya ɓata mana lokaci wajen mai faci. Zafi kamar a bakin murhu. Bayan mun wuce mararrabar Shanga sai Baba ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce ya ji ƙamshin ruwa. Ni dai ban ji komai ba sai albasa da kashin kaji.

Da la'asar muka sauka Yelwa, gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna tana kallon yayanta yana lalube a kwano, tana share ido da bakin mayafi. Da ta ji abin da ya kawo mu ta ce wahala za mu sha a banza, addu'a daga ko'ina tana isa. Baba ya ce ya sani, malamai sun faɗa masa. Ya ce ba don addu'ar ba ta isa ba ne, shi ne yake son ya isa. Gwaggo ta tashi ta shimfiɗa masa tabarma a inda iska ke shigowa.

Hanyar Wara

Washegari muka shiga akori-kura, muka bi ta Birnin Yauri muka gangara ƙasar Ngaski. Hanyar nan ba na yi wa maƙiyina fatan binta. Rami ya sake mu, rami ya karɓe mu, sau biyu muna sauka a tura. Baba ya riƙe ƙarfen mota da hannu bibbiyu bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, ni kuwa na yi nawa na haɗa da nasa.

A Wara Ɗantani ya tarye mu, ɗan ƙanen Baba ne, magidanci har gemunsa ya fara furfura, yana da jirgi mai inji. Bayan an gaisa ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ba mu so ji ba. A da, in ruwa ya ja baya, kan babbar tsamiyar da ke bakin maƙabartar garinmu yakan leƙo, da ita masunta ke gane wurin. Yanzu babu. Masu bandar kifi sun bi itatuwan da suka leƙo sun sare don wuta, har da ita. Abin da ya rage yana can ƙasa, ba mai ganinsa.

Na ce to shi ke nan, sai mu tsaya a bakin gaɓa mu yi addu'a mu juya. Baba ya juyo wajen muryata.

"Kai, ido ne na rasa, ba hannu ba. A ba ni igiya."

Dabararsa ita ce irin jan ƙugiyar da ake wa giwan ruwa, babban kifin nan da kan kai girman mutum. Ana sakin doguwar igiya a bayan jirgi, jirgi na tafiya a hankali, ƙugiya na biye a can ƙasa. Ya ce in ƙugiya ta taɓa abu yatsunsa za su gaya masa ko dutse ne, ko tsohuwar katanga, ko itace. Kukoki sun daɗe da ruɓewa, amma tsamiya ba ta ruɓewa da wuri, kuma a duk garin babu mai tsawonta. In ƙugiya ta kama reshe sai a kashe inji, mu riƙe igiyar, mu tsaya a kan Inna. Ɗantani ya ce babu igiyar anga, ƙarfen tsai da jirgi, da za ta kai ƙasa a wurin, don haka wannan ce kaɗai hanya.

Igiya mai ƙarfi ɗaya ce a gidan, wadda Ɗantani yake su da ita. A bakin ƙugiyar an ɗaure tsohon cokali da aka bubbuge aka goge, shi ne ke walƙiya cikin ruwa kifi ya ɗauka ɗan'uwansa ne. Ɗantani ya tambaya ko a kwance shi. Baba ya shafa ɗaurin, ya yaba wanda ya yi shi, ya ce a bari, zai ƙara wa ƙugiya nauyi.

Kan ruwa

Muna idar da sallar asuba muka tura jirgi. Ban taɓa sanin ruwa yana da faɗi haka ba, ga shi ni ɗan Basarke ban iya iyo ba, abin kunya. Na zauna a tsakiya na ƙanƙame katako. Ɗantani ya yi ta duban wani tsauni a hagu da wasu giginyu a dama, har ya rage gudu ya ce a nan yankin ne, amma yankin ya fi Wara girma.

Baba ya koma ƙarshen jirgi ya saki igiya, ya ɗora ta a kan yatsa. Muka yi ta kai da kawo, mu je mu dawo kamar masu huɗa a gona. Rana ta ɗaga, ta take. Wani lokaci ya ce dutse ne, mu wuce. Wani lokaci ya ce katanga ce, sannan ya ambaci sunan mai gidan da yake zato, mutanen da duk sun mutu ko sun watse.  A ƙarƙashin ɗuwawuna akwai rijiyar da aka yi mini wanka, akwai ƙofar da na yi rarrafe, ni kuwa ba na ganin komai sai ruwa mai launin toka.

Bayan azahar Ɗantani ya girgiza galan ya ce mai ya yi ƙasa. Gabas kuma ta fara haɗa hadari. Ya roƙa a juya. Baba ya ce a ƙara zagaye ɗaya.

A zagayen nan ne ya miƙe zaune. Na ga igiyar tana karkarwa a yatsansa.

"Kashe inji," in ji shi, a hankali. "Ga ta. Ita ce."

Ɗantani ya kashe. Shiru ya sauka, sai ruwa da ke lasar jirgi. Baba ya fara janyo igiya kaɗan-kaɗan don ƙugiya ta zauna a reshe, leɓunansa sun soma motsi. Na ɗaga hannuwa. Sai ƙugiyar ta zame daga reshen, cokalin ya juya a cikin ruwa, wani abu ya fizge igiyar har jirgi ya karkata.

Giwan ruwa ne. Ashe a inuwar irin waɗannan itatuwa suke kwanciya, kowane masunci ya san haka, Baba ya fi kowa sani. Kuma a al'adar masu wannan su ba a ja-in-ja da shi. Riƙewa ake a bar shi ya ja jirgi duk inda ya ga dama har ya gaji.

Ɗantani ya zaro wuƙa. "Baba, in yanke? In mun yanke yanzu ina tsai da jirgi da filafili, muna bisa wurin."

Ni ma na ce, "Baba, saki. Don Allah saki."

Bai ce a yanke ba, bai ce a bari ba. Hannuwansa ne kawai suka naɗe igiyar, ya dafe ƙafa a katako, ya kwantar da baya. Fuskarsa ta canza, ban taɓa ganinta haka ba, kamar an cire masa shekara talatin. Ɗantani ya riƙe wuƙa a sama yana jira, don ba a yanke wa babba igiya a hannu ba da izininsa ba. Jirgi ya fara tafiya ba inji. Na waiwaya don in riƙe wurin da ido, amma me zan riƙe? Ruwa ne gaba, ruwa ne baya.

Ban san tsawon lokacin da kifin ya ja mu ba. Ya yi kudu da mu, ya juya, ya nutse, ya taso. Igiya ta yanke tafin Baba, jini yana bin ta, bai ko sani ba, yana ta ba Ɗantani umarni da muryar da ban san yana da ita ba. Da kifin ya gaji ya taso gefen jirgi, fari sol, Ɗantani ya soke shi da zago, mashin kifi. Mu biyu muka janyo shi da ƙyar. A lokacin tsaunin ya koma wani gefe, giginyun sun ɓace, iska ta fara tayar da kumfa.

Baba ya zauna yana haki, ya shafa bayan kifin daga kai zuwa wutsiya. Sannan hannunsa ya tsaya.

"Ina tsamiyar?" ya tambaya.

 Ɗantani ya tayar da inji muka nufi gaɓa, ruwan sama yana dukanmu.

Wara kuma

Garin ya fito kallo. Tsofaffi suna ta kama hannun Baba suna cewa makaho ya yi abin da masu ido suka kasa, mata suna guɗa. Shi kuwa yana zaune a gindin bango, an ɗaure masa hannu da tsumma. Ya ce a raba kifin, kowa ya ci. Da aka kawo masa nasa ya ture kwanon.

Iska ta kwana uku ba ta kwanta ba, zazzaɓi kuma ya kama shi. Da ta lafa Ɗantani ya ce ya sami mai, a shirye yake mu koma. Ni da na zo ina gunaguni, ni ne na durƙusa ina roƙonsa mu sake gwadawa. 

"Mi za ni ce mata?" in ji shi. "Na kai bakin ƙofa tata, kifi ya kira ni, na tahi. Haka na yi mata tana da rai. Na ɗauka tsuhwa ta canza ni."

Na ce ba laifinsa ba ne, hannu ne ya saba. Ya ce ai hannun nasa ne.

Komawa

Muka biyo hanyar da muka zo. A Yelwa Gwaggo Hajo ta dubi hannunsa, ta dubi fuskata. Daga nan har Sakkwato Baba bai shaƙi iska ya ce ya ji wani ƙamshi ba. Mun iso gida bayan magariba.

Da matata ta kwance kaya sai ga ƙunshin bandar kifi, mutanen Wara sun cusa mana ba mu sani ba, don karamci. Ƙamshin ya cika tsakar gida. Baba yana daga ɗaki ya ce a kai wa maƙwabta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Gwaggo Hajo da mutanen Wara, da Ɗantani da ya ƙona mansa bai karɓi komai ba. Idon Baba ya ƙarasa rufewa kafin kaka, bai sake cewa a kai shi ko'ina ba. Tabon igiyar yana nan a tafinsa har ranar da muka yi masa wanka, ni na wanke hannun.