Farantin Shayi a Ƙarƙashin Tobi

Ciki biyu suka zube mini ina aiki a wani maktab, wato ofis, kusa da kasuwar hatsi ta Gadarif. Da na uku ya shiga, innata ta ce makanar taswir ce, wadda nake buga wa leburori kwafin takardunsu da ita. Murfinta ya karye tuntuni, haskenta yana bi ta gabana daidai cibiya, ya je ya dawo. Lokacin yankan riɗi kuwa layi har titi.

Na gaya wa mudir, shugaban wurin. Ya ce, "Haske ne fa kawai, hajiya." Ji mutum! Shi da bai taɓa wanke jini a zane ba. Barin aikin kuma ba dama, maigidana yana Fau, gona ba ta yi ba.

Inna ta ɗauko farantin shayi na ƙarfe, ta ɗaure mini a ciki da gyale, tam, don ya tare hasken, na yafa tobi, babban mayafina, a kai. Wata biyu haka nake yini, ga zafi, ga ƙuraje. Har ruwa na rage sha, don kada fitsari ya sa in yi ta kwancewa.

Wata Laraba yaron ya yi shiru. Tun safe har azahar ba motsi. In danna makana, haske ya wuce, in saurara, ba komai. Na bar mutane a layi na tare raksha, keke mai ƙafa uku, sai asibiti.

Daktar mace ce. Ta ɗaga tobi ta ga faranti. Allah ya so ta ba ta yi dariya ba, da ta sha zagi. Ta kwance shi, ta sa aka ba ni ruwa, ta ɗora abin sauraronta. Ta matsa nan, ta matsa can, ni dai salati nake. Can sai ga bugun zuciya, da sauri-sauri.

"Yana nan lafiya," in ji ta. "Makanar nan fitila ce kawai, ba ta kai wa ga ɗa. Ɗaurin nan za ki bari, ki sha ruwa."

Maimakon murna sai haushi ya taso mini.

"To in ba ita ba ce, me ya ɗauke mini biyun farko?"

Ta riƙe hannuna. "Ban sani ba, 'yar'uwa. Sau da yawa ba a sani."

Nan na fashe da kuka. Makana dai na san inda take, na san yadda zan tare ta. Yanzu ga sauran wata uku a gabana, ban san me zan tare ba.