Dada, Yau Ma Da Azumi?

Ku matso kusa 'yan'uwana mata, har da ku mazan da ke leƙa wannan shafi a ɓoye, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai sai na amayar da ita. Ba zan kama sunan kowa ba, yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya. A wancan lokaci ni matar tela ce a garin Gombe, karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba. Ban cika fita ba, amma surutu kam Allah ya ba ni, ya kuma haɗa mini da kunne. Ina madafa zan gaya miki wanda ya shigo zaure daga takunsa, in maƙwabciya na daka na san ko gero ne ko dawa. Ina taƙama da kunnen nan ƙwarai. Shi ne kuma yau yake ba da shaida a kaina.

Muna zaune a gidan gado a unguwar Madaki, ni da maigida da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada. Bafillatana ce 'yar siririya, mai fulako na gasken gaske, irin kunyar nan tasu da ba a cewa ana jin yunwa ko ciwo. Maigida ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, daga bayan labule yake gaishe ta. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin lomarta ba. Sai dai in rufe kwano in aika ɗakinta ta ci ita kaɗai. Amma ina jin ta. Haƙoranta sun zube, tana cin tuwo da wani ɗan sauti nata, in ta gama ta yi hamdala da ƙarfi har kaji su watse. Autana take kira maigidanta, kullum suna rigima, wai ya aure ta ya bar ta ba cefane, shi kuma ya ce ai ya daɗe da sakinta tunda ba ta iya tauna ƙuli-ƙuli.

Bayan an canza fam zuwa naira, sai aka yi shekarar nan da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, ta biya su har da na baya. Gari ya rikice. Masinja ya hau babur, malamin makaranta ya sayo rediyo mai faifai. Mu da ba ma cin albashi, tsadar kaɗai ce ta iso ƙofarmu. Maigida ya ga sa'o'insa na wuce shi, ya ce taka keken ɗinki ba zai kai shi ko'ina ba. Wani attajiri mai fataucin hatsi ya ranta masa kuɗi, ya sayi tsohuwar a-kori-kura don jigilar auduga da fasinja a hanyar Kumo, aka ba da takardar gida jingina. Da aka nemi yardar Dada, cewa kawai ta yi ɗa ya fi uwa sanin hanyar kasuwa. Motar ba ta daɗe ba direba ya kifar da ita a wani gangare. Ba a rasa rai ba, amma ta zama tarkace. Attajirin bai yi mana tijara ba. Ya yanka abin da za a riƙa kai masa duk ƙarshen wata, ya kuma faɗa a fili cewa ranar da aka saɓa zai karɓi gida, don 'yan kwangila na bin sa suna neman irinsa.

Maigida ya koma kan kekensa a Kasuwar Gombe kai a sunkuye. Abin da ya samu, mai tsokar na attajiri ne, ragowar ya damƙa mini da safe yana kallon ƙasa. A nan na koyi lissafin da ba a koyarwa a aji. Nama ne ya fara tafiya, sai ƙashi ranar Juma'a don miya ta ji ƙamshi, daga baya ƙashin ma ya bi shi. Man gyaɗa ya koma ɗigo. Kunun safe ya zama tsamiya zalla. Na daina ba da surfe na koma yi da kaina, dusar da muke watsa wa kaji na riƙa tankaɗe ta ina mayarwa cikin gari. Kwanukan jerena suka bi dillaliya ɗaya bayan ɗaya. Ina da wani gwangwanin madara da nake awo da shi, kowane baki a gidan da rabonsa. Malmala ta ƙanƙance har babbar 'yata ta tambaye ni ko tuwon bai gama girma ba ne aka kwashe shi. Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ba wanda ya gaya wa Dada komai, amma tsoho ba sai an gaya masa ba. Wata safiya ta aiko kar a sa da ita a kunu da na rana, tana azumin Litinin. Alhamis ma haka. Ban kawo komai a raina ba, tsofaffi sun saba. Sai ta ƙara da na tsakiyar wata. Sai kuma ta ce ta tuna akwai ramuwar da ke kanta tun zamanin da take goyo a ruga, gara ta sauke tun tana da ƙarfi. Ni kuwa duk ranar da ta ɗauki azumi sai in ga rabonta ya saura a gwangwani. Na samo wata tukunya na riƙa zubawa. Ƙarshen wata na ba dillaliya ta sayar, na cika wa maigida abin da ya gaza. Ranar ya dube ni irin kallon da ya yi mini ina amarya, ya ce Allah ya yi mini albarka, mace mai tattali ta fi gona. Yabon nan ya hau kaina. Na fara sa azumin Dada a cikin lissafina kamar yadda nake sa kuɗin ɗinki.

To ga inda na ɓata. Wata Talata ba ta aiko ba. Na tsaya da gwangwani a hannu, ƙarshen wata ya matso, tukunya ko rabi ba ta kai ba. Sai na je ƙofar ɗakinta na durƙusa na gaishe ta, na sassauta murya na tambaye ta ko yau ma da azumi, wai don in san awo. Sai na ji ta ajiye ƙoƙon da ta riga ta ɗauko don kunu, na ji ƙararsa a daɓe. Sannan ta ce e, ɓingel am, wato 'yata, da azumi. Daga ranar kullum sai na tambaya, kullum kuma amsar ɗaya ce. Ban taɓa hana ta abinci ba, Allah ne shaida, tambaya kawai nake yi. Amma wace surukar Fulani ce za ta buɗe baki ta ce wa matar ɗanta a'a, yunwa nake ji, auna da ni?

Na riƙa lallashin kaina da cewa ai tana buɗa-baki, tuwon yamma kuma ina cika mata kwano. Kunnena ne ya ƙi bari in ruɗi kaina. Ban taɓa jin motsinta na sahur ba. Da magariba in an kai kwano sai ta ƙwala wa maigidanta kira, wai mace ba ta ci kafin miji, shi kuma ya jawo yayyensa. Daga madafa ina jin ƙananan hannuwa na karo a cikin kwano, amma ɗan sautin nan na cin Dada babu shi. Hamdalar dai tana nan da ƙarfi kamar kullum, don mu ji. Yara suka daina kukan yunwa, kumatunsu suka dawo. Na ce bari in yi shiru, gobe zan yi magana, in wata ya ƙare zan yi magana, in bashi ya ragu zan yi magana.

Muna da maƙwabciya Batangaliya, matar malamin makarantar mishan, tana taimaka wa masu jinya a asibiti. Mun saba sosai, ta kan katanga muke hira, tana tsokanata wai bakina ba ya zuwa hutu ko ranar Lahadi. Wata rana ta shigo gaida Dada, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta jawo ni bayan rumbu ta ce maman yara, tsohuwar nan ba ta cin abinci, ta san irin kumburin nan. Na ce ibada take yi, ku ba za ku gane ba. Ta ce su ma suna azumi, amma ita ba ta taɓa ganin azumin da ba shi da ranar salla ba. Ta ce in hatsi ne babu in faɗa, ba abin kunya ba ne. Na ce muna da shi har ya yi mana yawa. Duk da haka washegari ta aiko da ƙwaryar dawa da gyaɗa, ta ce na Dada ne. Na dama mata kunun gyaɗa sau ɗaya. Ragowar, kaicona, tukunyar da nake tari ta shiga.

Ɗinkin babbar salla ya kawo kuɗi, maigida ya kai wa attajiri biyan ƙarshe. Ranar da rana tsaka ya shigo, abin da bai saba ba, da takardar gida a aljihu, balangu a hannu, mai nono na biye da shi. Ya durƙusa bayan labule ya miƙa takardar. Dada ba ta karatu, shafa ta kawai ta yi, ta ce to, ita ma ramuwarta ta ƙare. Na dama mata fura da hannuna, na zuba nono har yana ambaliya. Ta kurɓa, abin bai zauna mata a ciki ba. Ta sake kurɓa, ya dawo. Cikin ya riga ya manta da abinci. Muka kai ta asibiti, likita ya tambaya tun yaushe take haka, maigida ya juyo ya dube ni don ni ce ta cikin gida, ni kuma na dubi ƙasa. Ba ta ga sabon wata ba.

Ni na zuba ruwa wajen wanka. A ƙarƙashin zannuwan da take jibgawa babu komai sai ƙashi, cinyarta ba ta kai kaurin damtsena ba. Tsohuwar da ke wankan ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ɗago ta dube ni, ta ce ta wanke mutane da yawa, ba ta taɓa ɗaukar babba mai nauyin jariri ba. A tsakar gida mata sun cika suna yabon azumin Dada, wai baiwar Allah ta tafi da baki mai tsarki, wasu har suna cewa na yi dace da na yi mata hidima. Ina amsawa da amin. Maƙwabciyata ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, kuma har aka yi wa mijinta canjin wurin aiki ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Maigida ya rasu bai sani ba, har ƙarshe yana ba da labarin tattalina. Autana ya girma, yana tuna kakarsa da daɗin tuwonta, ban iya gaya masa tuwon wa ya ci ba. Gidan yana nan, a cikinsa nake rubuta wannan, ɗakinta na fuskantar madafa. Abin da na koya shi ne bashi ba ya zuwa ya ce a ba shi mutum, kaɗan-kaɗan yake karɓa, kuma daga kwanon wanda ba ya magana yake farawa. Attajiri yana da baki, yara suna da kuka, tsohuwa ba ta da ko ɗaya. Da na faɗa wa maigida, da na karɓi hannun maƙwabciya, da mun je mun roƙi a ƙara mana wata biyu, wataƙila da an yi, wataƙila da ba a yi ba, amma ko gwadawa ban yi ba. Har yau ba na tambayar kowa ko zai ci abinci. Aunawa nake yi in ajiye masa, in zauna sai na ji yana ci.

Ke da ke riƙe da gwangwanin awo a gidan da ake bin bashi, ki biya, biyan bashi wajibi ne, amma ki ɗaga labule. Ba wanda ke ƙorafi za ki ji wa tsoro ba. A gidanki, wane ne ya daɗe yana cewa ya ƙoshi, ke kuma kika ji daɗin amsar har kika ƙi leƙa kwanonsa?